ƊAKUNAN ELKMONT: TSAKANIN DAJI DA TARIHI

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa jihar Tenesi ta ƙasar Amurka, cikin gandun dajin gwamnati da ake kira Great Smoky Mountains, inda wasu tsofaffin ɗakunan katako suka sa aka shafe shekaru goma sha biyar ana kai ruwa rana.

Asalin Elkmont sansanin 'yan katako ne. A shekarar 1901 wani attajiri mai suna Wilson B. Townsend ya kafa kamfanin Little River Lumber, ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa har cikin duwatsu don fitar da gumagumai. Jirgin da ke fitar da itace shi ne kuma ya riƙa shigo da masu hali daga birnin Knoxville, masu gudun zafin gari su zo farauta da kamun kifi. A 1910 kamfanin ya sayar wa wata ƙungiyarsu mai suna Appalachian Club filin da ya riga ya aske wa itatuwa, suka fara kafa 'yan ɗakunan hutu masu baranda a bakin rafi. A 1912 aka gina otal ɗin Wonderland. Kafin ka ce kwabo wuri ya zama unguwanni, har da wadda ake wa laƙabi da layin miloniyoyi.

To, a nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Wasu daga cikin masu waɗannan ɗakuna, irin su David Chapman, su ne kan gaba wajen fafutukar a mayar da duwatsun gandun ƙasa, abin da ya tabbata a 1934. Sai dai ba daji ne da babu kowa ba. Akwai manoma da suka gaji gonakinsu kaka da kakanni, da majami'unsu da maƙabartunsu, kuma da yawansu dole ta sa suka karɓi diyya suka tashi. Wasu tsofaffi ƙalilan ne aka bari su ƙarasa kwanakinsu a gidajensu, kamar Lem Ownby mai kiwon zuma, wanda ya rasu a 1984. Su kuwa 'yan kulob, da yake suna da ƙafa a wurin masu mulki, sai aka cire su daga dokar ƙwace fili. Suka sayar da ɗakunan a rabin kuɗi, bisa sharaɗin za su ci gaba da amfani da su muddin rai. A 1952 aka mayar da yarjejeniyar ta shekara ashirin, aka sabunta a 1972. Wato manomi ya tafi, mai hutun bazara ya ƙara kusan shekara sittin yana shan iska a barandarsa.

Hukumar gandun daji dai ba ta taɓa ɓoye nufinta ba. Tsarin da ta fitar a 1982 ya ce da zarar wa'adi ya cika za a rushe komai, daji ya koma yadda Allah Ya yi shi. A 1992 ta ƙi sabunta yarjejeniya, aka kulle ƙofofi. Amma kafin a kawo katafila, a 1994 aka sanya Elkmont cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa, kuma doka ba ta yarda hukumar gwamnati ta taɓa irin wannan wuri ba sai ta zauna da masu kula da kayan tarihi an yi shawara.

Daga nan fa aka shiga gardama. Masu kishin muhalli suka ce gidajen 'yan gata ne kawai, ba su cancanci kuɗin jama'a ba, ga shi sun tare bakin rafi inda ya kamata itatuwa su dawo. Masu kishin tarihi suka ce a waɗannan barandojin aka yi renon tunanin kafa gandun kansa, don haka rushe su tamkar yage shafin farko na littafi ne. Ni dai a ganina kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya yi nasara a zahiri shi ne ruwan sama. Yankin akwai damshi ƙwarai, shi kuwa ɗakin katako idan rufinsa ya fara yoyo babu mai toshewa, to kwanansa ya ƙare. Ana ta taro da rubuce-rubuce, daɓe na ruɓewa, ginshiƙai na sunkuyawa. A 2005 otal ɗin Wonderland ya rufta da kansa, ba tare da kowa ya ɗora masa guduma ba.

Sai a 2009 aka cimma matsaya. Daga cikin gine-gine 74, za a ceci 19: zauren kulob ɗin Appalachian da ɗakuna 18, mafi yawansu a unguwar da ake kira Daisy Town. Sauran aka ɗauki hotunansu da awonsu, sannan aka rushe su daga baya. Waɗanda aka bari aka bi su ɗaya bayan ɗaya, aka sake rufi, aka canja ruɓaɓɓen katako, aka mayar musu da launin fentinsu na da. Yanzu baƙo na iya shiga ya zaga ɗakunan, babu gado babu kujera, amma ba a kwana a ciki. Zauren kulob da ɗakin Spence ne ake bayarwa haya don biki ko taro.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mafi tsufa a cikin waɗanda suka tsira ba na attajiri ba ne. Ɗakin gungume ne na dangin Levi Trentham, mutumin duwatsun nan, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Ya tsira ne saboda a 1932 an ɗauke shi daga inda yake aka dasa shi cikin Daisy Town ya zama ɗakin saukar baƙi.

Idan mutum ya bi hanyar da ta bi gefen rafin Jakes, inda unguwar Society Hill take a da, zai riƙa ganin murhunan dutse da dogayen bututun hayaƙinsu tsaye su kaɗai cikin itatuwa, ga matakala amma babu ƙofar da take kaiwa. Waɗannan da gangan aka bar su.