Shekarar da Labarin Hausa Ya Hau Kumbo

In aka ambaci NNPC a Mahuta, hankalin kowa kan matatar mai yake komawa, wadda aka buɗe a 1980 daura da unguwar, a kudancin kogin Kaduna. Amma akwai wata NNPC da ta girme ta, wato kamfanin buga littattafai na Arewa da aka kafa a Zariya a 1966. Shi ne a 1969 ya fitar da wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda masu nazarin adabi ke ƙirgawa a matsayin farkon ƙagaggen labarin kimiyya da aka rubuta da Hausa. Fim ɗin Star Wars, wanda ya sa duniya haukan labaran yawo tsakanin taurari, sai bayan shekara 8 ya fito.

Labarin na wani yaro ne, Kilba, da ya gamu da baƙo mai suna Kolin Koliyo daga wata duniya. Suka ƙulla abota, baƙon ya ɗauke shi suka yi sama, yaro ya ga abin da ko a mafarki bai taɓa gani ba. Dembo ya yi dabara babba da ya zaɓi yaro. Babba in ya ga abin mamaki sai ya dake don kada a raina shi, amma yaro baki zai saki, ya yi tambaya, ya tsorata, ya yi dariya, mai karatu kuwa yana biye da shi.

Wanda ya san abin da ke faruwa a Arewa a shekarun nan ba zai yi mamakin fitowar littafin ba. Tun farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau 3 cikin kusan awa 5, tashar Kano na cikin waɗanda suka riƙa jin muryarsa yana ratsa samaniyar Afirka. A ƙasa fatake na kora jakuna zuwa kasuwar Kurmi, a sama wani ɗan'adam na wucewa da gudun da ya fi na harsashi, kuma a garin nan ake amsa masa.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka aka yi abin da ya fi wannan taɓa mu. Ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a tashar Legas, shi ya riƙa cilla muryar sama. Wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. Mutumin da ya riƙe kan wayar a Legas kuwa marubucin Hausa ne, shi ya rubuta Shaihu Umar.

Sai kuma 1969 ɗin kanta. Ƙasa na cikin yaƙin basasa, amma ranar 20 ga Yuli da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a duniyar wata, zancen ya cika majalisu. Wasu suka gaskata, wasu suka rantse ƙarya ce ta Turawa. Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ciwon idon da ya ɓarke a Gana a wannan shekara ya bazu yammacin Afirka, jama'a suka laƙaba masa sunan kumbon, shi ya sa har yau in ido ya yi ja yana ruwa ake cewa afolo ce. Cikin wannan yanayi Kilba ya tashi sama.

Sai dai kuskure ne a ɗauka Dembo ya aro komai daga waje. Tafiya mai nisa cike da kasada da barkwanci tsohuwar sana'a ce a rubutun Hausa. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai 5, kuma biyu daga cikinsu sun riga sun share wannan hanya. A Ganɗoki na Bello Kagara, jarumi ya bar yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljannu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wani mai suna Alhaji ya bar gida neman wani ruwa na mu'ujiza, amma abin da ya sa yara ke haddace littafin shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya haƙa wa ɗaya rami, yau wannan ya sha duka, gobe wancan ya kwana a ɗaure, an rabu ana cin alwashi, a gari na gaba a sake. Duk mai kallon fina-finan sararin samaniya ya san irin waɗannan abokan tafiya da ba sa jituwa kuma ba sa rabuwa. An buga na Imam tun 1934. Abin da Dembo ya yi shi ne ya sauke jarumi daga bayan aljani ya sa shi cikin na'ura, ya mai da baƙon da ke zuwa daga gaibu ya zama mai zuwa daga wata duniya.

Soyayya kuwa tata hanyar ta bi. Ta leƙo tun a Jiki Magayi na John Tafida da East, inda mai kuɗi ya raba Abubakar da Zainab, amma ba ta samu fili sosai ba sai a 1980, lokacin da NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Daga nan ambaliya ta zo. Kafin a ankara, rumfunan Kano sun cika da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. Masu son kasada su ma ba a bar su a baya ba, marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka ba su sadaukai da takubba da matsafa. Amma sama ta zama kufai. Alƙaluma suka koma zaure wurin zance ko fagen fama, kumbo ya rasa direba.

Ba don babu masu so ba ne. Masu kallon fina-finan Indiya a Kaduna da Kano sun san Koi Mil Gaya na 2003, inda Hrithik Roshan ya yi abota da wata 'yar halitta daga sama mai suna Jadoo, yana kuma fama da son Preity Zinta. Sun san PK na 2014, inda Aamir Khan ya sauko duniya aka sace masa abin kiran kumbonsa, ya yi ta tambayoyin da ke sa dariya da tunani, zuciyarsa kuma ta kamu. Abota da baƙon sama, raha, da son da ke tsirowa a hankali: duk abin da ke jan mutane zuwa ga waɗannan fina-finai akwai tushensa a littattafanmu, sai dai a warwatse yake. A shekarar da Koi Mil Gaya ya fito ne ma Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha, ranar 27 ga Satumba.

Abin takaici ne a ce yaron da ke Mahuta ko Sabon Tasha ya san Jadoo amma bai taɓa jin sunan Kolin Koliyo ba. Ya kamata masu maɗaba'a su sake buga Tauraruwa Mai Wutsiya da zane mai kyau da farashin da ɗan makaranta zai iya biya, malaman Hausa su sa shi hannun ɗalibai, gidajen rediyon Kaduna su karanta shi a shirye-shiryen yara. Marubutan da ke sakin labari babi-babi ta WhatsApp da Facebook kuwa ba sa buƙatar kuɗin gina kumbo kamar masu fim. Su nemi littafin Dembo su karanta, sannan su ɗora daga inda ya tsaya a 1969.