GANUWAR ƘONNI DA ZAUREN KAKANA

Wannan karon ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ku yi mani haƙuri.

A Amarawa aka haife ni, dab da Illela, kuma ina yaro ban ɗauki Birnin Ƙonni wata ƙasa ba, tunda can 'yan uwan kakata suke. Duk daren da ta bushi iska sai ta ɗauko mana zancen ganuwar Ƙonni, yadda ta ji daga tata kakar, wai ana rufe ƙofofi da magariba, baƙon da ya makara sai ya kwana waje. In ta iso wajen zuwan Nasara sai ta yi shiru, ta ce mu je mu kwanta.

Sai da na girma na san abin da take haɗiyewa. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta faɗa wa garin, bayan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. Suka ƙone birnin, suka kashe jama'a ba adadi, har rijiyoyi aka cika da gawa. Su ma ba su ga ƙarshen damina ba, a watan Yuli sojojinsu suka harbe su kusa da Tasawa. Daga baya Ingila da Faransa suka ja layi a takarda, Ƙonni ta koma can, mu muka tsaya nan.

Lokacin da nake rubuta wani littafina na so jarumata ta tsaya a ƙofar birnin tana jiran masoyinta. Na hau kabu-kabu na ƙetara don in ga wurin da idona. Wani dattijo ya yi ta zagayawa da ni, yana nuni da sanda: nan ta bi, nan ta karya kwana. Ni kuwa shaguna da gidajen bulo kawai nake gani. Na dawo na soke babin dungurungum.

To amma kada mu ɗora wa Bature komai. A 2010 da hannunmu aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi, aka maye ta da ta siminti. A Sakkwato ma, ganuwar da Muhammadu Bello ya gina, yau in ka ce Ƙofar Rini ko Ƙofar Marke, yaro unguwa zai nuna maka.

Ni kaina ba zan wanke ba. Zauren kakana na ƙasa, mai daurin guga, inda fatake ke sauka daren kasuwar Lahadi ta Illela, ina cikin waɗanda suka yarda a rushe shi a yi shaguna uku. Na karɓi rabona na haya na buga littafi da shi. Ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba.

Rannan ɗiyata ta tambaye ni ina ƙofar zauren take. Na tsaya gaban shagon mai cajin waya, na nuna dama, ƙanena ya ce a'a, hagu ne. Har yau ba mu daidaita ba.