Dokar Matan Fada

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Kabawa suka karrama shi da bikin kamun kifi, alamar ƙarshen tsohuwar gabarsu da Sakkwato. Ginshiƙin bikin shi ne dokar da Sarkin Ruwa ke tsarewa: ba a jefa homa a Matan Fada sai ranar da aka buɗe ruwa. Wannan hutu ne ke barin kifi ya hayayyafa, yara kuma a bakin kogi suke koyon dokar wurin iyayensu. Sai dai ikon Sarkin Ruwa bai kai madatsar Bakolori ba, can sama a Kogin Sakkwato, wadda tun 1978 ta rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun da kifin ke hayayyafa a cikinsu.