Daga Jagaban Ayari Zuwa Kamfas ɗin Mota: Tarihin Gane Hanya a Ƙasar Kafanchan

Cikin ƙananan kayan da ake laƙa wa mota bayan an saye ta akwai kamfas mai aiki da lantarki, wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ake mannawa a gilashin gaba ko a kan dashbod ta riƙa nuna wa direba ko gabas ya dosa ko yamma. Wasu motocin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka ma da shi suke zuwa, a kusurwar madubin duba baya. Mai sayarwa zai ce maka wanda ya mallaki wannan na'ura ya yi ban kwana da ɓatan hanya. Tarihin tafiye-tafiye a Kafanchan da kewayenta bai goyi bayan wannan magana ba. A wannan ƙasa sanin inda arewa take bai taɓa zama matsalar matafiyi ba. Matsalarsa ita ce sanin wace hanya ce ke ɓullewa, wace ce ruwa ya yanke, a hannun wa take, kuma a ina za a kwana. Wannan ilimi a kan mutane yake zaune, kuma duk na'urar da ta shigo, daga kamfas ɗin Turawan safiyo har zuwa wayar hannu, ta yi amfani ne gwargwadon yadda ta jingina da shi.

A ƙarni na 19 ƙasar da muke kira Kudancin Kaduna a yau mashiga ce tsakanin kasuwannin Kano da Zariya da garuruwan kudu irin su Keffi da Loko a bakin Binuwai. Fatake na bi da kanwa da tufafi da dabbobi, suna yada zango a wurare sanannu, cikinsu har da Zangon Katab da Darroro ta Jama'a. Ayari na da madugu mai shugabanci, yana kuma da jagaba wanda ke gaba, kuma abin da jagaba ya haddace jerin sunaye ne: daga zango kaza zuwa zango kaza yini ɗaya, a rafi kaza ake ƙetarawa kafin ruwa ya sauka, ga sarki kaza ake biyan fito. Sama ba ta da wani taimako mai yawa a nan idan aka kwatanta da Sahara. Kafanchan na kan digiri tara da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron da ke nuna arewa ba ya tashi sama da kimanin digiri tara da rabi daga doron ƙasa, tsauni ko hazo ko kurmi ya isa ya rufe shi. Ga damina mai tsawo da gizagizai. Rana ma tana da nata ruɗin, domin daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta a arewacin mutum take bi da tsakar rana, sauran watannin kuma a kudancinsa. Abin dogaro shi ne ƙasa kanta, wato tsaunin Kagoro da gangaren tudun Jos daga gabas, da koguna, da kuma bakin mutanen gari.

Labarin Bature matafiyi Richard Lander ya isa hujja. Bayan rasuwar ubangidansa Hugh Clapperton a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, Lander ya taso daga Kano ya nufi kudu da niyyar isa garin Funda ya ga inda kogin Kwara ya dosa. Ya ratsa ƙasar Katab ya kai Darroro, sai mahaya dawakai daga Zazzau suka cim masa suka mayar da shi Zariya. Lander bai ɓata ba, ya san kudu sarai, kuma kudu yake tafiya. Abin da ya rasa shi ne izinin masu hanyar. Shekara arba'in bayan haka, a 1867, Bajamushe Gerhard Rohlfs ya biyo ta wannan yanki daga Bauci zuwa Keffi, shi ma kan turbar fatake ya bi. Turawan nan suna ɗauke da kamfas suna rubuta kusurwar kowace tafiya a littafi, amma wannan aiki na zana taswira ne domin waɗanda za su zo daga baya. Ƙafarsu kuwa bayan ɗan ƙasa take bi.

Wani zai ce ana ƙawata zamanin da ne, alhali sanin hanya a wancan lokaci makami ne. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, tana biyan gandu har da bayi, kuma turbar da ta kawo ɗan kasuwa ita ce ta kawo maharin da ya sa al'ummu da dama, irin mutanen Kagoro, suka riƙe kan duwatsu suka tsare mashigarsu. Sai dai wannan ƙarfafa maganar yake yi. Idan har ɓoye hanya ya zama kariya, nuna ta kuma ya zama sana'a ko cin amana, to hanya al'amari ne na mutane da amana da iko, abin da allurar maganaɗisu ba ta da labarinsa.

Lokacin da kamfas ya yi aikin da ya sauya fasalin yankin shi ne zamanin shimfiɗa layin dogo, kuma a hannun masu safiyo ya yi shi. Layin gabas ya taso daga Fatakwal a 1913, ya kai ma'adinin kwal na Inugu a 1916, aka ci gaba da jan sa arewa har ya haɗu da Kaduna, sannan a 1927 aka buɗe reshen da ya hau tudu zuwa Jos domin kwasar kuza. Inda layukan suka rabu, a ƙasar Fantswam, nan Kafanchan ta zama babbar mahaɗa. Gadar Makurɗi ta 1932 ta kammala haɗin, a 1933 kuma Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan, abin da ke nuna yadda ƙarfe biyu da aka shimfiɗa suka ja kasuwa da mulki zuwa inda injiniya ya auna. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Da aka gama awon, kamfas ya koma akwati. Direban jirgi ba ya buƙatarsa, fasinja ma haka. Abin da kowa ya koya sabon jerin zanguna ne: Zonkwa a hanyar Kaduna, Kagoro da Manchok da Kuru a hanyar Jos, Jagindi da Gudi da Lafiya a hanyar kudu. Mutumin da ya sauka a Kafanchan domin canjin jirgi ba ya tambayar ina gabas, jirgin Jos yake tambaya.

Da mota ta karɓe lodi daga jirgi, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 kuma 504 ta cika tashoshi, gadon jagaba ya faɗa hannun direba da karen motarsa. Yaron mota na shafe shekaru yana ɗaure kaya yana sa waigi kafin a ba shi sitiyari, kuma a cikin shekarun nan yake haddace hanya: inda kwana ke da haɗari a gangaren da ke sauka daga Filato, inda gada ke cika, ranar kasuwar kowane gari, lokacin da cittar Kwoi da Kaciya ke fitowa har manyan motoci su yi yawa a titi. Hanyoyin yankin ma ba sa bin saiti. Kaduna na arewa maso yammacin Kafanchan, amma direba arewa yake fara yi zuwa Zonkwa, ya karkata yamma zuwa Kaciya, sannan ya miƙe. Mai zuwa Abuja, wadda ke kudu maso yamma, ta Kwoi zai bi. Kibiyar kamfas za ta yi ta juyi a kowace kwana, kuma a mararraba ba za ta faɗa maka wace hanya ce mai kwalta ba. Shi ya sa har yau maganar magabata cewa matambayi ba ya ɓata take aiki a tasha fiye da kowace na'ura.

To me ya rage wa kamfas a cikin mota? Abu guda mai nauyi, kuma shi ne aikin da Musulmi suka ba shi tun da daɗewa. Sinawa sun bayyana allurar maganaɗisu a rubuce tun 1088, a littafin Shen Kuo, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 13 Sarki al-Ashraf Umar na Yaman ya yi rubutu kan yadda ake amfani da ita a gane alƙibla. Direba Musulmi da magariba ta riske shi tsakanin Gidan Waya da Gwantu, sama a rufe, babu masallaci kusa, yana da buƙata ta gaske. Daga Kafanchan alƙibla na kan kusan digiri 65 ne daga arewa, wato ta kauce wa gabas tsantsa da kimanin digiri 25 zuwa arewa, kusan ɓangaren da Jos take. Wanda ya dubi harafin gabas a madubinsa ya tsaya a kansa bai daidaita ba, sai ya ɗan karkata hagu. A nan na'urar tana da amfani, haka ma ga baƙon da ya shiga hanyoyin gona da dare yana son ya tabbatar bai juya baya ba.

Sai dai ko wannan ɗan aikin ba ya samuwa sai an girka ta da sani, kuma a nan ne mafi yawan masu saye suke faɗuwa. Kamfas, na allura ne ko na lantarki, ƙarfin maganaɗisun duniya yake shinshina, kuma wannan ƙarfi rarrauna ne. Mota kuwa akwatin ƙarfe ce mai nata maganaɗisun. Matuƙan jiragen ruwa sun sha wannan wahala tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Matthew Flinders ya gano cewa ƙarfen jirgi na karkatar da allura, har aka riƙa kafa sandar ƙarfe kusa da kamfas domin ta rama. A mota abokan gabar sun fi yawa: lasifikar rediyo da ke da mayen ƙarfe a cikinta, injin shafar gilashi, fankar iska, wayoyin da ke ƙarƙashin dashbod, da mariƙin waya mai maganaɗisu da ya zama ruwan dare. Wurin da ya fi dacewa shi ne saman gilashin gaba kusa da madubi, nesa da waɗannan duka, na'urar a miƙe ba a karkace ba, a manne ta yadda gargada ba za ta motsa ta ba. Bayan haka sai saiti: a samu fili nesa da layin dogo da manyan wayoyin lantarki da gine-ginen ƙarfe, a danna maɓallin saitin, a zagaya da motar a hankali, ƙasa da kilomita 8 a awa, har alamar ta ɓace. Da wannan zagayen ne na'urar ke auna ƙarfin da ke tafiya tare da motar ta cire shi daga lissafi. Idan mai wayarin ya canja rediyo, ko aka yi walda a jiki, ko aka lodo rodi da kwanon rufi, lissafin ya rushe, sai an sake.

Motocin Amurka na da ƙarin tarko. Arewar maganaɗisu ba ta zo daidai da arewa ta gaskiya ba, kuma bambancin na sauyawa daga wuri zuwa wuri, saboda haka masu ƙera madubin suka raba Amurka ta Arewa shiyya 15. Motar da aka saita a gaɓar yammacin Amurka, inda bambancin ya haura digiri goma, da wannan gyaran za ta iso Kafanchan, inda bambancin bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Shiyya ta 8 ce ta fi kusa da yanayinmu. Kuma bayan duk wannan, da me za a gwada a tabbatar? Da abin da aka riga aka sani: mihirabin masallacin da aka auna da kyau, ko rana. A ranakun 27 da 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 da 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana na tsayawa saitin Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta a lokacin ya fuskanci alƙibla. Na'urar da aka sayo domin ta maye gurbin sani, da sani ake gyara ta.

Babbar suka ita ce wayar hannu ta riga ta kashe wannan muhawara. Tun da Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula a watan Mayu na 2000, wayar salula kuma ta shigo Najeriya a 2001, taswira ta dawo aljihu, har tana magana. Ba a musun amfaninta, kuma a cikin mota mai tafiya ta fi kamfas ɗin maganaɗisu, tunda daga motsin motar take lissafa inda aka dosa, ƙarfen jiki bai dame ta ba. Akwai ma hujja mai ɗaci da ke tare da ita: a shekarun da garkuwa da mutane da rikice-rikice suka addabi yankin, tsayawa a yi tambaya a bakin hanya ba abu ne mai sauƙi ba kamar da. Amma wannan hujja da kanta take juyawa. Taswira gajeriyar hanya take zaɓa, ba ta san wadda direbobi suka daina bi bayan la'asar ba, ba ta san gadar da ta karye jiya ba. A ƙarshen 2021, da aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda tsaro, wanda bai sauke taswira a wayarsa ba ya koma inda kakanninsa suke, wato tambaya. Rashin tsaro bai rage darajar sanin hanya ba, ya dai sauya wurin neman sa, daga bakin titi zuwa cikin tasha kafin a tashi, wurin direbobin da suka shigo da safe da 'yan kamasho.

Saboda haka mai son kamfas a motarsa ya saya, amma ya manna shi nesa da lasifika, ya yi masa zagayen saiti, ya gwada shi da masallacin da ya amince da awonsa, ya kuma riƙe lamba 65 idan alƙibla yake nema. In kuwa tafiya ce zuwa Kaciya ko Akwanga ko Saminaka a hanyar da bai saba ba, ya fara biyawa ta tasha ya tambayi direban da ya fito daga can a ranar.