Gindin Ganuwa

A Tayuri, cikin Sabha, nake zana gangaren hanya a kwamfuta, ina jera raga tsakanin shimfiɗun ƙasa don kada ta zabge. Injiniyan Faransa Henri Vidal ne ya fito da dabarar a 1963, da sillayen ƙarfe.

Amma Kano, garinmu, ta daɗe da sanin halin ƙasa. Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta. Magina suka ba ta gindi mai faɗi, tana sirancewa zuwa sama, nauyinta na riƙe da ita. A da, in damina ta wuce, jama'a kan fito gayyar yaɓe. Bayan zuwan Turawa a 1903 gayyar ta mutu, kuma yana min ciwo yadda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka cinye yawancin ganuwar.