Matsalar launi a kyamarar sabon jirgi marar matuƙi da yadda ake neman canji

Ƙananan jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamara sun zama kayan aikin masu ɗaukar hoto, tun daga wuraren bukukuwa da hawan Sallah har zuwa gonaki da wuraren gine-gine.

Sai dai ɗaya daga cikin koke-koken da masu sayen sababbin jiragen kan yi shi ne, hoton farko ya fito da launin da ba shi ido ya gani ba: sararin samaniya ya koma ruwan hoda, farin bango ya yi kore-kore, ko kuma wani siririn layi ya ratsa hoton daga sama har ƙasa.

Wani lokaci laifin daga masana'anta yake, amma sau da yawa saitin kyamarar ne kawai. Gane bambancin a 'yan kwanakin farko shi ne kan raba gardama a kan ko mai saye zai samu sabon jirgi, ko gyara, ko kuma ya rungumi ƙaddara.

Yadda kyamara ke ganin launi

A bayan gilashin kyamarar akwai wani ɗan faranti na silikon da ake kira sensa, wanda ke ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigo. Kowane ɗigo yawan hasken da ya sauka a kansa kaɗai yake aunawa, bai san launi ba.

Don haka ake shimfiɗa wa ɗigon ƙananan matatai masu launi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistar mallakarsa a shekarar 1976: rabin ɗigon kore ne, rubu'i ja, rubu'i shuɗi.

Tun da kowane ɗigo launi ɗaya yake gani cikin uku, manhajar kyamarar ce ke ƙiyasta sauran biyun daga ɗigon da ke maƙwabtaka da shi. Ke nan kashi biyu cikin uku na bayanin launin da ke cikin hoto lissafi ne.

Wannan ne ya sa ba a saurin ɗora wa sensa laifi. Kafin hoto ya kai ga idon mai jirgi sai ya bi ta gilashi, da matatar da ke tare hasken infrared wanda ido ba ya gani, da sensa, da siririyar wayar da ke ratsa marikin kyamara, da manhaja, sannan ya bi ta iska zuwa allon wayar hannu. Ko'ina a wannan hanya launi na iya gurɓata.

Abubuwan da ke kama da lalacewa

Wuri na farko da ake dubawa shi ne allon. Hoton da jirgin ke aikowa kai tsaye matsattse ne, kuma idan sigina ta yi rauni yakan farfashe ya yi kore ko toka-toka. Hukunci na gaskiya yana kan ainihin fayil ɗin da ke cikin katin ajiya, bayan an buɗe shi a kwamfuta. Idan can ya fito lafiya, to kyamarar ƙalau take.

Na biyu shi ne saitin daidaita fari. Hasken rana tsaka yana kusan 5500 a ma'aunin Kelvin, na kwan fitila irin na da kuma kusan 2700. Kyamarar da aka bari a saitin cikin ɗaki za ta mai da duniya shuɗiya idan ta fita waje. Wadda aka bar ta tana zaɓa da kanta kuma kan ruɗe idan launi ɗaya ya cika hoton, kamar gonar shinkafa ko jar ƙasa.

Akwai kuma tsarin ɗaukar bidiyo da kamfanin DJI ke kira D-Log, wanda da gangan yake fitar da hoto a koɗe domin a gyara launinsa daga baya a kwamfuta. Sabon shiga kan ɗauka kyamarar ce ta mutu.

Gilashin rage haske da ake maƙalawa a gaban kyamara, musamman mai araha, na iya jawo launin kore ko ruwan hoda a duk hoton. Haka ma ledar kariya da aka manta ba a ɓare ba. Ratsi-ratsin da ke yawo a bidiyo ƙarƙashin fitilun lantarki kuwa daga bugun wutar ne: Najeriya da Nijar da Turai na kan bugu 50 a daƙiƙa, Amurka kuma 60, kuma akwai wurin zaɓar hakan a saiti.

A lokacin hunturu, ƙurar da ke sararin sama ita kanta kan dusashe hoto ta ba shi launin ƙasa-ƙasa, abin da babu garantin da ke maganinsa.

Wani abin da bai kamata a ɓata lokaci a kansa ba shi ne maimaita daidaita marikin kyamara ko kamfas ɗin jirgin. Waɗannan na gyara karkacewar hoto da tafiyar jirgi ne, ba su da alaƙa da launi.

Gwajin da ke tona asiri

Gwajin ba ya bukatar tashin jirgi. Bayan an sabunta manhajar cikin jirgin, an mai da saitin kyamara yadda ya zo daga masana'anta, an kuma cire duk wani gilashin ƙari, sai a fuskantar da kyamarar ga farar takarda ko farin bango a wurin da haske ya bazu daidai.

A tsayar da daidaita fari a lamba ɗaya, a sa ISO a 100, a ɗauki hoto iri biyu, wato JPEG da kuma ɗanyen fayil na DNG idan jirgin na da shi. Daga nan a juya jirgin, a sauya wuri, a sake ɗauka. A ƙarshe a rufe gilashin ruf a ɗauki baƙin hoto. Ba a so a daɗe ana yi, domin wasu ƙananan jiragen da iskar tashi suke hucewa, kuma zafi na ƙara ɗigo-ɗigon launi a hoto.

Ƙa'idar dai mai sauƙi ce. Aibin da ya tsaya a wuri guda a kowane hoto, ko me aka ɗauka, kuma ya bayyana har a ɗanyen fayil, daga cikin kyamarar yake. Misalinsa layi ja ko kore da ya miƙe daga gefe zuwa gefe, ko rabin hoto ya bambanta da ɗaya rabin, ko tabo mai launi da goge gilashi bai kawar ba.

Idan kuma layukan na zuwa suna ɓacewa yayin da kyamarar ke sunkuyawa ko ɗagowa, an fi zargin siririyar wayar marikin. Ga mai saye duk ɗaya ne, domin a sabon jirgin da bai taɓa faɗuwa ba, wannan ma aibin ƙira ne.

Inda ake samun taƙaddama shi ne a kan ƙananan abubuwa. Ɗigo ɗaya ko biyu da suka maƙale a launi guda cikin miliyan 12 ko 48 ba lallai kamfani ya amince da su a matsayin lalacewa ba. Haka nan ɗan bambancin launi tsakanin tsakiyar hoto da kusurwoyinsa, wanda ya zama ruwan dare a ƙananan kyamarori, da kuma shunayyar da kan bayyana a gefen abu mai ƙyalli. Ko a 2012, da masu wayar iPhone 5 suka yi ƙorafin shunayya a hotunan da aka ɗauka kusa da haske mai ƙarfi, kamfanin Apple cewa ya yi hakan ba aibi ba ne.

Sai kuma lahanin da mai jirgi kan jawo da kansa ba tare da ya sani ba. Hasken leza irin na ɗakunan biki na iya ƙona ɗigon sensa cikin ƙiftawar ido, ya bar layi na dindindin, kuma garanti ba ya ɗaukar nauyin wannan.

An taɓa yi a baya

Aibin sensa daga masana'anta ba sabon abu ba ne. A watan Oktoban 2005, kamfanin Sony na Japan da wasu kamfanonin da ke sayen sensa a wurinsa, ciki har da Canon da Nikon da Fujifilm, sun sanar da matsala a sensa nau'in CCD da aka ƙera tsakanin 2002 da 2004. Zafi da danshi na sa ƙananan wayoyin cikinta su saki, hoto ya jirkice ko ya ƙi fitowa sam. An yi wa jama'a gyara kyauta, har da waɗanda garantinsu ya ƙare.

A 2006 kuma, kyamarar Leica M8 ta Jamus ta riƙa mai da wasu baƙaƙen yadudduka shunayya, saboda matatar infrared ɗinta ta yi siriri da yawa. Kamfanin ya raba wa masu ita gilasan tace haske kyauta.

Jiragen yanzu sensa nau'in CMOS suke amfani da ita.

Abin da garanti ya tanada

Akwai haƙƙi iri biyu da ake yawan cakuɗawa: garantin kamfani, da kuma haƙƙin da doka ta bai wa mai saye a kan wanda ya sayar masa.

A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a karɓi kuɗi, kuma cikin wata shida na farko ana ɗauka da aibin kayan ya zo, sai in mai shago ya tabbatar da akasin haka. A Tarayyar Turai mafi ƙarancin garantin doka shekara biyu ne.

A Najeriya, dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba da damar mayar da kaya mai aibi domin gyara ko canji ko karɓar kuɗi, kuma hukumar ta sha cewa rubuta "ba a dawo da kaya" a rasiti ba ya soke wannan haƙƙi.

A ɓangaren kamfani, DJI, wanda Frank Wang ya kafa a 2006 kuma ke da hedikwata a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, shi ne ya fi kowa sayar da irin waɗannan jirage. Tsarinsa ya ware ɗan gajeren wa'adi na 'yan makonni bayan karɓar kaya domin canji da sabo, kuma tsawonsa ya danganta da ƙasa. Da zarar ya wuce, sai batun gyara. Wa'adin garantin ma ya bambanta tsakanin sassan jirgin, kuma farfela ba ta cikinsa.

Shirin DJI Care Refresh daban yake: kuɗi ake biya, kuma don haɗari aka yi shi, kamar faɗuwa ko shiga ruwa. Kuskure ne a ƙona damar canji ta wannan shiri a kan aibin da garanti ya kamata ya ɗauka kyauta.

Mai neman canji na bukatar rasiti mai kwanan wata, da lambar jirgin, da ainihin fayilolin gwaji. Hoton da aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, ba ya zama hujja. Kada a kwance kyamarar, kada kuma a kai wa mai gyaran waya ya "duba", domin hakan kan soke garanti. Kamfanin kan karanta bayanan tashin da jirgin ke adanawa, saboda haka ɓoye faɗuwa ba ya amfani.

Wanda ya sayo daga waje

A nan ne masu saye a Afirka ta Yamma suka fi shan wahala. Garantin jiragen DJI na yankin da aka sayar da su ne, ba na duniya baki ɗaya ba. Jirgin da aka yo tsarabarsa daga Dubai ko Guangzhou ko Landan, a can ake sa ran a mayar da shi.

A Najeriya kuma shigo da jirgi marar matuƙi na bukatar takardar izini daga ofishin mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, don haka fitar da jirgi da dawo da wani na iya zama wata doguwar hidima. Batirin lithium ma na da ƙa'idoji masu tsauri a jigilar sama, shi ya sa ba a haɗa shi a kwali sai in kamfani ya nema.

Idan canjin ya zo, sharuɗɗan kamfanin sun ba shi damar bayar da jirgin da aka sabunta maimakon sabo fil, kuma lambarsa kan bambanta da ta farko. Ya kamata a rubuta sabuwar lambar, a cire tsohon jirgin daga asusun mai shi, sannan a maimaita gwajin farar takarda da na baƙin hoto a ranar da aka karɓa.