Cadillac Records: fim kan mawaƙa da haƙƙinsu

Cadillac Records fim ne na Amurka da Darnell Martin ta ba da umarni, ya fito a 2008. Ya bibiyi tarihin Chess Records, kamfanin faifai da Leonard Chess da ƙaninsa Phil suka kafa a Shikago a 1950, inda aka naɗi kiɗan blues da rock na Muddy Waters da Chuck Berry. Beyoncé ce ta fito a matsayin Etta James.

Sunan ya samo asali daga motocin Cadillac da Leonard ke raba wa mawaƙansa baƙar fata. A ido kyauta ce, amma fim ɗin ya nuna daga kuɗin waƙoƙinsu ake cirewa. A 1977 Waters da marubucin waƙa Willie Dixon suka maka Arc Music, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin Chess, a kotu kan kuɗaɗensu.